Askin Jahannamiyya

A Kasala jahannamiyya ake ce mata.
Baba bai taɓa yarda da sunan ba,
ya ce abin da ya ba ka inuwa
ba ka haɗa shi da wuta.
Shi Auta yake kiranta, ni ina tsaye a wurin.
A gwangwanin madara ya kawo ta
daga lambunan bakin Gash,
tsawonta bai fi asawaki ba.

Yau shekara biyu ba mai tsawata mata.
Ta haye rumfa, ta lanƙwasa azara,
ta zura hannu ta tagar madafa,
ta tsallake katanga zuwa gidan Ohaj
tana zuba masa fure a cikin gahawa.
Bai yi ƙorafi ba.
Almakashi kawai ya aiko,
da tsani mai gajeriyar ƙafa ɗaya,
da jikansa da zai riƙe mini.

Na hau tun rana ba ta leƙo ta bayan Totil ba.

Baba kan ce, fara da matattu, ba sa gardama.
Sai masu hawa kan 'yan'uwansu,
sai masu gudu sama, ba fure, ba kunya.
A bar ido biyu, a yanke a karkace
kada ruwa ya kwana a kan rauni.
Ina wanke-wanke nake jin wannan duka,
ban san ina adanawa ba.

Ashe matattun ma suna gardama.
Ƙaya ta fizge mini mayafi,
ta ja layi uku a damtsena,
jini ya fito a hankali, kusan launin furen.
Yaron ya ce in sauko.
Na ce riƙe tsaninka.

Yaya Tambari ya bugo daga Bur Sudan:
ki sa a tumɓuke ta kawai,
katanga ta fi ta tsada.
Na ce to.
Na kife wayar a kan murfin randa.

Can ciki, inda haske ya daɗe bai shiga ba,
na tarar da tsumma ɗaure a gindin reshe,
yagen tsohon rawaninsa,
ƙullin bahago, wanda ni kaɗai ke iya kwancewa.
Itacen ya yi ƙiba ya haɗiye rabinsa.
Na ja, ya ƙi.
Na sa baki zan ciza, sai na fasa.
Na daɗe a nan
har yaron ya sauya ƙafa sau biyu.

Sama kaɗan kurciya ta yi sheƙa,
'yan tsinke bakwai da ƙwai biyu,
ginin ganganci.
Ta zuba mini ido ba ta tashi ba.
Na bar mata reshenta, dogo, karkatacce,
shi kaɗai a gefen gabas
kamar zankon da wanzami ya manta.

Kafin azahar tsakar gida ta cika da tarin ƙaya.
Rana ta faɗo kai tsaye
kan gadon igiyar da yake kishingiɗa,
na ga ashe ƙafa ɗaya ta tsage.
Na ga dutsen ma daga bakin murhu,
ƙato, santsi, kamar ba ya nan jiya.

Yaron ya dubi kututturen ya ce, kin kashe ta?
Na ce ban sani ba,
shi ma duk shekara sai ya yi sati yana zagaya ta
hannu a baya, ba ya magana,
har ranar da wani ɗan jan tsiro
zai fasa ɓawo kamar haƙorin jariri.

Da la'asar Ohaj ya leƙo ta katanga,
ya dubi sararin da ya buɗe a kansa,
ya ce gahawar yau ba ta da ado.
Na mayar masa da almakashi.
Tsanin na ce a bar mini tukuna.

Sai na ɗauko ruwan alwala
na zuba mata a gindi.